Me Ya Sa Allurar Bitamin B1 Ta Tayar Da Ragon Da Ya Makance Yana Kallon Sama?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ina turka raguna saboda Babbar Sallah. Kwanan baya ɗaya daga cikinsu, wani Balami da ya fi sauran ƙiba, ya ware kansa ya daina ci. Washegari ya makance, ya ɗage kai yana kallon sama yana cizon haƙora. Maƙwabta suka ce iska ce, wasu suka ce in yanka kafin ya yi mushe. Malamin dabbobi ya zo ya yi masa allurar bitamin B1, kafin magariba sai ga shi a tsaye. Ya ce mini wai wasu enzayim ne na ƙwaƙwalwa suka tsaya. Mene ne su, kuma ta yaya bitamin zai warkar da makanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara masa lafiya, ya sa albarka a kiwon. Malamin dabbobin nan ya san aikinsa, kuma abin da ya gaya maka haka yake. Abin da zan ƙara maka shi ne, a ƙwaƙwalwa ciwon ya bayyana, amma daga kwanon dusa ya taso. Kafin ka ga yadda aka yi aka haihu a ragaya, sai mun ɗan leƙa yadda ƙwaƙwalwar dabba ke samun ƙarfin aiki.

Ƙwaƙwalwar rago ƙarama ce, ba ta kai giram 200 ba, a jikin dabbar da kan haura kilo 50. Amma ba ta hutu, ko dabbar tana barci, kuma ba ta da ajiyar kirki. Hanta da tsoka suna tara sukari, kitse ma ajiya ne, ita kuwa ƙwaƙwalwa hannu baka hannu ƙwarya take: sukarin gulukos da iskar oksijin da jini ya kawo mata yanzu, su take ƙonawa yanzu. Duk wanda ya taɓa yanka rago ya ga shaidar haka. Da wuƙa ta raba jijiyoyin jini na wuya, cikin daƙiƙu kaɗan ragon ya fita hayyacinsa, tun kafin sauran jiki ya saki.

To, ina ƙarfin yake tafiya? Kowace ƙwayar jijiya tana da wani ɗan famfo a jikin fatarta, wanda shi kansa enzayim ne. Aikinsa ba dare ba rana shi ne ya fitar da sinadarin sodiyam guda uku waje, ya shigo da fotasiyam guda biyu ciki. Wannan bambancin na ciki da waje shi ke ba jijiya damar aika saƙo, shi ne kuma ke hana ruwa cika ƙwayar. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jens Christian Skou, ya gano famfon a 1957 a jijiyoyin ƙaguwa, ya samu kyautar Nobel a kansa a 1997. Famfon ba ya motsi sai an biya shi da wani sinadari da ake kira ATP, kuma shi kaɗai yakan lashe kusan rabin ATP ɗin da ƙwaƙwalwa ke samarwa. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Enzayim kuwa sinadarai ne da jiki ke ƙerawa daga furotin, kowanne da aiki guda tak: ya karɓi abu, ya sauya shi cikin gaggawa, ya miƙa wa na gaba. Idan gulukos ya shiga ƙwayar jijiya, na farko da ke cafke shi sunansa hekzokines. Daga nan sai a bi sauran matakai tara ana farfasa shi har ya zama wani abu mai suna fairubet. Duk wannan wahala ATP biyu kacal take haifarwa. Ribar gaske tana gaba, a cikin wasu 'yan ɗakuna na ƙwayar da ake kira mitokondiriya, inda ake ƙarasa ƙona fairubet har gulukos ɗaya ya ba da ATP wajen 30. Mai tsaron ƙofar shiga wannan ɗaki shi ne enzayim ɗin da ake kira fairubet dihaidrojines. A ciki akwai zagayen da Hans Krebs ya bayyana a 1937, kuma a tsakiyar zagayen akwai wani mai suna alfa-kitoglutaret dihaidrojines. A can ƙarshen layi akwai saitokrom oksides, wanda ke haɗa aikin da iskar oksijin. Gefe guda kuma, a wata hanya daban da gulukos ke bi, akwai tiranskitoles, wanda ke taimakawa wajen samar da abin da ke kare ƙwayar daga lalacewa. Kada sunayen su dame ka. Abin lura shi ne uku daga cikinsu, wato mai tsaron ƙofar, da na tsakiyar zagayen, da tiranskitoles, ba sa iya komai sai bitamin B1 ya maƙale a jikinsu. Sunansa na asali tayamin.

Ka ɗauka injin niƙa ne aka cire wa bel. Injin lafiyarsa ƙalau, mai ma akwai, ga kwanukan hatsi sun yi layi har waje, amma ba garin da ke fitowa. Haka ƙwaƙwalwar ragonka ta kasance. Gulukos yana zuwa, ana farfasa shi zuwa fairubet, sai a tarar da ƙofa a rufe. Fairubet ya taru ya rikiɗe ya zama tsamin laktet, ATP ya ragu, famfon nan ya fara sanyi. Sodiyam ya cika ƙwayoyin, ruwa ya bi shi, ƙwaƙwalwa ta kumbura a cikin ƙoƙon kan da ba shi da wurin buɗewa. Ɓangaren da ya fi jin jiki shi ne shimfiɗar sama mai launin toka, domin ita ta fi kowa cin makamashi, kuma a nan ne cibiyar gani take, ta wajen ƙeya.

Shi ya sa makantar take da ban mamaki. Idon lafiya lau yake, wurin fassara abin da idon ya gani ne ya ɗauke wuta. Kana iya gwadawa da kanka. Kai hannu da sauri kamar za ka tsokane masa ido, ba tare da ka taɓa shi ko ka kaɗa masa iska ba: ba zai ƙifta ba. Taɓa gefen fatar idon da yatsa: zai ƙifta. Haska masa tocila a wuri mai duhu: baƙin idon zai tsuke kamar na mai lafiya. Idan ka haɗa wannan da ɗage kai, da cizon haƙora, da tangaɗi, da tokare kai a jikin bango, da idanu da suka juya sama ta wajen hanci, kuma ba zazzaɓi sai in ya sha jijjiga, to ka kusa kama sunan ciwon. Likitoci suna kiransa laushin tokar ƙwaƙwalwa, a taƙaicen sunansa na Turanci PEM, kuma an fara bayyana shi a shanu da tumaki a jihar Kolorado ta Amurka a 1956.

Labarin yadda aka gano alaƙar tayamin da ƙwaƙwalwa ya girmi wannan, kuma tsuntsaye ne suka buɗe shi. A shekarun 1890 wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jaba, ya lura kajin da ake ba farar shinkafa da aka surfe tas suna shanyewa, idan aka mayar musu da dusar kuma su warke. A shekarun 1930 Rudolph Peters a jami'ar Oksfod ya ɗauki tattabarun da aka hana wannan bitamin, waɗanda ke ɗage kai baya kamar ragonka. Ya ɗebi ƙwaƙwalwarsu ya sa a kwalbar gwaji, ya ga ba ta shan oksijin yadda ya kamata, da ya ɗiga mata tayamin sai ta farfaɗo da aiki a cikin kwalbar. A matakin farko ko da madubin likita ba a ganin wani rauni a jikin ƙwaƙwalwar. Aikin ne ya tsaya, ginin bai rushe ba tukuna. Wannan shi ne sirrin miƙewar ragonka kafin magariba: an mayar da bitamin tun ƙwayoyin suna a sume, ba su kai ga mutuwa ba. Da an ƙara kwana ɗaya ko biyu ana shawara, da labari ya sha bamban, domin ƙwayar jijiyar ƙwaƙwalwa idan ta mutu ba ta tsirowa.

Yanzu ga tambayar da ta fi shafar aljihunka: ina tayamin ɗin ya tafi? Rago, da akuya, da saniya, ba sa buƙatar a ba su wannan bitamin a abinci. Ƙananan halittun da ke cikin tumbinsu su ke ƙera shi, kullum, daidai buƙata, kuma jiki ba ya ajiye mai yawa. Waɗannan halittu sun saba da ciyawa, da harawa, da kowar wake, da kara. Idan Sallah ta matso mai kiwo ya ga ragonsa bai cika ido ba, sai ya ninka dusa, ya ƙara tsakin masara, ya zuba ragowar tuwo da ƙanzo da ruwan surfe, harawa kuma ya rage saboda ta yi tsada. Cikin 'yan kwanaki tumbi ya yi tsami. A ma'aunin tsami, lafiyayyen tumbi yana tsakanin 6 da 7, idan ya sauka ƙasa da 5.5 an shiga matsala. Masu ƙera tayamin su ragu, wasu nau'in bakteriya da ke fitar da enzayim mai suna tayamines su yawaita, shi kuma tayamines aikinsa datse tayamin gida biyu. Sai a rasa ta ko'ina: ƙira ta ragu, ɗan abin da aka ƙera kuma ana lalata shi kafin ya isa jini. Ka lura wanda ya fi ƙiba ne ya faɗi. Ba mamaki, shi ne mai ture sauran ya cinye rabon biyu. Sau da yawa kafin makantar ana ganin ɗan zawo ko kashi mai laushi da tsamin wari, kuma dabbar ta rage tuƙa.

Akwai kuma magani ɗaya da ya kamata ka sani, wanda ake jiƙa wa kaji da 'yan awaki saboda zawon jini, za ka ga an rubuta Amprolium a jikin ledarsa. Yana kashe ƙwayar cutar ne ta hanyar hana ta tayamin, idan aka zarce ƙa'ida ko aka daɗe ana bayarwa sai ya yi wa dabbar haka ita ma.

Game da allurar, ƙa'idar da aka saba bi ita ce miligiram 10 na tayamin a kan kowane kilo na nauyin dabba. Ta farko a jijiyar jini, a hankali ƙwarai, domin tura ta da sauri kan iya kayar da dabba nan take, shi ya sa wannan aikin malamin dabbobi ne. Sauran a tsoka ko ƙarƙashin fata, kowace awa 6 zuwa 8, har kamar kwana uku. A nan mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Rago mai kilo 40 yana buƙatar miligiram 400 a tashi ɗaya. Idan kwalbar tana da miligiram 100 a kowace mililita, mililita 4 ke nan. Idan kuwa haɗin bitamin B ne na gama-gari mai miligiram 10 a mililita, sai an ɗure shi da mililita 40. Sai mutum ya yi mililita 3, ya ga shiru, ya ce ai bitamin bai yi aiki ba. Ka duba jikin kwalba, ka nemi layin da aka rubuta Thiamine ko B1 da adadin da ke gabansa. Kuma kada miƙewar ragon ta sa a tsaya a allura ɗaya. Likita kan ƙara da deksametazon don rage kumburin ƙwaƙwalwa, sai dai shi yana iya zubar da ciki idan tunkiya ko akuya ta yi nisa da juna biyu. Abin da nake roƙon masu kiwo su bari shi ne ɗura. Dabbar da ke jijjiga, kanta a ɗage, ba ta iya haɗiya da kyau. Man ja ko ruwan kanwa da aka ɗura mata yakan zarce huhu, ta tsira daga ciwon ƙwaƙwalwa ta mutu da ciwon huhu.

Ba ƙarancin tayamin kaɗai ke tsayar da wannan layin enzayim ba. Na ƙarshen layin, saitokrom oksides, shi ma yana da abokan gaba, kuma nasa ya fi muni. Makiyaya sun daɗe da sanin cewa gyauron dawa yana kashe shanu, musamman ɗanyen tsiron da ya fito bayan fari ya buge shi. Ganyen yana ɗauke da wani sinadari da ke sakin gubar sayanaid da zarar ya shiga tumbi. Ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci ma haka ne, shi ya sa ake shanya shi ya bushe sosai kafin a bayar. Sayanaid yana zuwa ya toshe saitokrom oksides, sai jini ya cika da oksijin amma ƙwayoyi su kasa karɓa. Dabbar ta yi ta haki, ta yi rawar jiki, ta faɗi, wani lokaci cikin ƙasa da awa guda, idan aka yanka kuma a ga jinin ja jawur fiye da yadda aka saba. Tayamin ba ya maganin wannan, maganinsa allurar sodiyam naitarait da sodiyam tayosalfet ne, in an same su a kan kari.

Sinadarin salfa ma idan ya yi yawa a abinci ko a ruwan sha, halittun tumbi suna mayar da shi wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dabbar ta yi gyatsa ta sheƙi iskar, ta shiga jini, ta je ta danne wannan enzayim ɗin. Sakamakon a ƙwaƙwalwa iri ɗaya ne da na ragonka, ko da tayamin na jiki bai ragu ba. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada salfa ya wuce kashi 0.4 cikin 100 na busasshen abinci. Idan ciwon ya yi ta maimaituwa a garke alhali ba a cika hatsi ba, ni ruwan rijiyar burtsatsen nake fara zargi, sai a kai shi awo. Saitokrom oksides kuma yana ɗauke da sinadarin tagulla a jikinsa, shi ya sa uwar da ta rasa shi lokacin ciki kan haifi ɗan da ƙafafunsa na baya ke lilo. Amma kada wannan ya sa ka sayo gishirin lasa na shanu ka ajiye wa tumaki, tagulla kaɗan ya wuce kima hantarsu take lalacewa.

Wani lokacin kuma enzayim ɗin duk lafiyarsu lau, gulukos ɗin ne babu. Dabba mai tuƙa ba ta samun sukari kai tsaye daga abinci sai ɗan kaɗan. Halittun tumbi su ke fara cinye shi su mayar da shi wasu tsami-tsami, hanta kuma ta ɗauki ɗaya daga cikinsu, furofiyonet, ta ƙera gulukos. Shi ya sa sukarin jinin tunkiya bai cika wuce miligiram 50 zuwa 80 a desilita ba, ƙasa da na mutum. Jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi sun shahara da tagwaye, kuma mafi yawan girman ɗan tayi a makonni shida na ƙarshe yake. Idan wannan lokaci ya faɗo a tsakiyar rani, 'ya'yan su janye sukarin, uwar ta fara narka kitsenta, jini ya cika da sinadaran kiton. Ƙwaƙwalwar mutum tana iya komawa kan kiton idan yunwa ta yi tsawo, ta babbar tunkiya kuwa ba ta iya cin moriyarsu sosai. Sai ka ga mai ciki ta ware, ta yi sororo, ganinta ya ragu, ta kwanta. Wannan gulukos take buƙata da abinci mai kyau, wani lokaci ma sai an ciro 'ya'yan.

Ina so ka yi hattara da abu ɗaya. Ba duk dabbar da ta ɗage kai ce ke da ciwon ragonka ba. Gubar dalma daga tsohon batir da dabbobi ke lasa tana kawo makanta iri ɗaya, kuma a ƙauyukan Zamfara da gubar dalma ta afka wa a 2010 agwagi ne suka fara ƙarewa kafin a ankara da yara. Ragon da ya sha doguwar tafiya a mota ba ruwa, aka sauke shi ya sha ya yi ƙat, shi ma ƙwaƙwalwarsa kan kumbura. Wanda ke zagaye gefe guda, kunne ɗaya da leɓe a sake, ya fi kama da cutar listeriya ko ƙullin tsutsar da ake ɗauka daga kashin kare. Mai zazzaɓi mai zafi da kaska a jiki, a yi tunanin cutar da ke tara ruwa a jakar zuciya. Sannan akwai haukan kare, wanda ke kama tumaki da shanu. Saboda shi, kada ka tura hannu bakin dabbar da ke dalalar da miyau tana abin da ba a saba gani ba. Idan dabba ta mutu, kada a yi saurin jefar da kan. A ciwon ragonka ana tarar da ƙwaƙwalwa ta kumbura, tudun-tudun nan nata sun baje, samanta ya yi ɗorawa-ɗorawa, idan aka haska ta da fitilar ultrabayolet a duhu kuma wuraren da suka mutu su yi ta ƙyalli. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, da tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri, su ne wuraren da malamin dabbobinka zai iya tura samfur.

Sauran ragunan da ke turke kuwa, kwano ɗaya suka ci da shi, don haka a ɗauka su ma tumbinsu ya yi tsami. Ka rage hatsi da dusa yau, ka fara ba su harawa ko busasshiyar ciyawa da safe kafin su ga kwanon dusa, ka raba dusar sau biyu ko uku a yini maimakon tashi ɗaya, ka ɗaure mai haɗama nesa da sauran. Duk ƙarin da za ka yi nan gaba, ka ja shi a hankali cikin mako biyu zuwa uku, ruwa kuma kada ya yanke a gabansu. Shi kuma wanda ya tashi, a ajiye shi a inuwa, wuri mara rami ko kaifi, a kai masa ci da sha gabansa, domin gani yakan makara bayan ƙafafu sun dawo, wani kwanaki, wani makonni. Ka riƙa gwada shi da hannu kamar yadda na kwatanta. Idan Sallah ta zo bai fara ƙiftawa ba, ka san makahon rago ba ya layya, kuma ko don nama za a yanka shi, a tambayi malamin dabbobin kwana nawa ya kamata a jira bayan magungunan da ya yi masa.